Jirgin Ƙasa Bai Zo Ba: Yadda Tsohuwar Mota Ta Yi Tsawon Rai a Ƙasar Gwandu

A watan Maris na 1975 aka buɗe kamfanin haɗa motocin Fijo da ke Kakuri a Kaduna. Shekara 50 ke nan da ɗoriya, kuma 'ya'yan wannan kamfani da suka rage a Gwandu da Kalgo yau 'yan gwangwan ne ke bin su gida-gida da ma'auni. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin fetur ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, motoci da yawa suka kwanta a ƙofar gida, tayoyinsu suka sace, kaji suka mai da su akurki. Gardamar da ake yi a gidajen gado ita ce: a sayar da motar marigayi da kilo a raba kuɗin, ko a tashe ta? Ina bayan masu cewa a tashe ta. Amma kafin a ce son zuciya ne, ya kamata a san yadda aka yi wannan yanki ya zama inda mota ke tsufa ba ta mutu ba.

Gwandun Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ƙasar doki ce da jaki da raƙumi, ayarin fatake na ratsa Jega zuwa Gwanja neman goro. Turawa suka ci ƙasar a 1903, fadar sarki kuwa, wadda ta tashi daga Gwandu ta yi zango a Ambursa, daga baya ta tare a Birnin Kebbi. Mota ta shigo a ƙarƙashin Razdan da Di'o, sannan sarakuna da En'e suka mallake ta. Abin lura a wannan zamani guda ne: fadojin Arewa sun ɗauki mota kamar yadda suka ɗauki doki. Shamaki na kula da barga, sai aka ƙirƙiro masa abokin aiki, Sarkin Mota. Dokin sarki kuwa ba a yar da shi don ya tsufa. Tsohuwar Rolls-Royce ta fadar Kano, wadda har yau takan fito mutane su yi ta kallo, daga wannan tarbiyya ta tsira.

Sai dai abin da ya bambanta ƙasar Gwandu da Kano ba a fada yake ba, a kan dogo yake. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtua da Gusau ya tsaya cak a Ƙaura Namoda a 1929, bai ƙara gaba ba har gobe. Bai ga Sakkwato ba, balle Birnin Kebbi. Saboda haka gyaɗa da auduga da fatu da shinkafar fadama, yawancin abin da manomin Gwandu ya noma don sayarwa, sai ya hau bayan gingimari ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a kan jar hanya kafin ya ga tashar jirgi. Motocin Bedford da Austin masu bodin katako su ne jirginmu. Direban da motarsa ta lalace tsakanin Jega da Tambuwal ba shi da wanda zai kira. Ko ya gyara da abin da ke cikin akwatinsa, ko ya kwana uku a daji yana jiran yaron mota ya je ya dawo. Wannan tilas ita ta haifi kanikawan yankin, kuma yawancin na farkonsu yaran mota ne da suka gaji da hanya suka kafa rumfa a bakin tasha. Maƙeran gargajiya ma suka shiga ciki, suna ƙera abin da ya karye da zugazuginsu.

Na san akwai masu cewa talauci ne kawai, wai wanda ba shi da kuɗin sabuwa dole ya lallaɓa tsohuwa. Suna da hujja: bayan shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida a 1986 naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin malamin makaranta da ma'aikacin ƙaramar hukuma. To amma talaucin nan ko'ina ya shiga a Najeriya, kuma a wurare da yawa abin da ya haifar shi ne rububin motocin Kwatano, a hau shekara biyar a yar. Talauci na hana ka sayen sabuwa, ba ya koya maka sauke inji. Wasu kuma na cewa kusancinmu da Nijar ne, inda Fijo ta yi sarauta tun zamanin Faransa, ana samun kayan gyara ta Kamba da Gaya. Wannan ya taimaka ƙwarai, musamman ga garejojin Kalgo, garin da ke kan mararrabar hanyar Jega da ta Bunza zuwa Kamba. Amma ƙarfe ne ya zo ta iyaka, hannun da ya iya ɗaura shi a nan ya same shi.

Shekarun 1970 su ne zamanin da na fi so a wannan tarihi, watakila don a cikinsu na yi wayo. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama, motocin Ingila masu sitiyari a dama suka fara ja da baya. Kuɗin Udoji suka shiga aljihun ma'aikata a 1975, daidai lokacin da Kaduna ta fara fitar da 404 da 504, Legas kuma na haɗa Volkswagen. Ba a jima ba aka kafa kamfanonin manyan motoci: Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Marsandi a Inugu. Gwamnatin soja ta wancan lokaci ta mai da 504 motar manyan ma'aikatanta. Duk wanda ya dawo gida daga Sakkwato ranar Sallah da farar Fijo, gari ya san ɗansa ya zama mutum.

Kuma motar ta cancanci sunanta. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, ta ci kambin motar shekara ta Turai a 1969, ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. Tayoyin baya ke tura ta, cikinta ya ɗaga daga ƙasa, ƙafafunta na shanye gargada kamar raƙumi a rairayi. Injinta silinda huɗu ne, kuma hannun rigar da fistin ke kai da komo a ciki ana zare shi a sa sabo, shi ya sa inji guda ke iya komawa ango sau uku ko huɗu. Ba kwamfuta, ba waya mai rikitarwa: kafireto, fulogi, lagireto, kuloci. Kawuna direban Fijo wagon ne a hanyar Birnin Kebbi zuwa Sakkwato. Kafin ya loda fasinja sai ya tayar da ita, ya kira ni ya ce, "Ɗan nan, matso ka kasa kunne." Ya ɗora tsinin sukuddireba a kan injin, ya kara ƙotar a kunnena. Ta haka yake gane ciwon da ke tafe tun bai kwantar da motar ba. Faransa ta daina ƙera ƙaramar 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta fiye da shekara 20 bayan haka. A fagen kaya kuwa, Marsandi 911 mai gajeren hanci ta gaji Bedford, kuma har yanzu akan ci karo da ita da lodin albasar Aliero, katakon bodinta an sake shi ba adadi, zanen fentin baya an sabunta, injin na nan.

Wannan aiki da muke yi don neman abinci, a Turai shagali ne na masu hali. A Ingila tun 1927 ake jerin gwanon tsofaffin motoci daga Landan zuwa Brighton, kuma sai wadda aka ƙera kafin 1905 ke shiga. Motar da ta shekara 40 a can ana iya yafe mata harajin hanya. Mu mun fi kama da Kuba, inda takunkumin Amurka ya sa motocin shekarun 1950 suka ci gaba da aiki har suka zama abin da baƙi ke zuwa gani. Abin da ya canza a wurinmu shi ne, yanzu an fara samun wanda ke da Corolla ta zuwa ofis, amma ya ja 504 ɗin mahaifinsa zuwa gareji, ba don haya ba, don kawai ya ji ƙararta kamar da.

Wanda ya shiga wannan hanya zai ga tana da tsawo. Sa'armu ita ce busasshiyar iskarmu ba ta cin ƙarfe kamar ta bakin teku, don haka gangar jiki takan tsira. Rana ce abokiyar gaba: ta fasa robobi, ta ƙone kujeru, ta dafe fenti. Motar da ta daɗe a kwance ba a gaggawar tayar da ita. A zubar da tsohon fetur, a wanke tanki, a sake baƙin mai, a juya injin da hannu a tabbatar bai kafe ba, a duba birki kafin a yi maganar fenti. Kayan gyara na asali kuwa sai an je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ko a sayi wata matacciyar a ciro mata. A nan ne cinikin gwangwan ya fi yi mana ɓarna, domin kowace Fijo da aka sare da gatari ta tafi da fitila da gilashi da giyabos ɗin da za su tashi wasu uku.

Gwamnatin tarayya ta san darajar tsohuwar mota in ta ga dama: baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala a ciki ranar 13 ga Fabrairu, 1976, tana gidan tarihi na Onikan a Legas. Jihar Kebbi, wadda aka kafa a 1991, tana da jami'ar tarayya a Kalgo da kwalejin fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi. A ɗayansu rumfa guda ta isa: a ajiye 404 akori-kura ɗaya, 504 ɗaya, 911 mai bodin katako ɗaya, a ɗauko tsofaffin kanikawan tashar Jega da Kalgo da Gwandu, a biya su, su sauke injin a gaban ɗalibai su mayar. Mafi yawan waɗanda suka koyi aikin a kan Bedford sun riga mu gidan gaskiya. Waɗanda suka koya a kan Fijo a zamanin Udoji yanzu suna tsakanin shekara 65 da 75, kuma yaran da ke rumfunansu gyaran babur da Keke Napep suke koyo.