Ƙwayar H. pylori da garkuwar jiki: faɗan da ke haifar da olsa

A tsakanin mutanenmu mazauna kudu, daga Agege da Mile 12 a Legas har Sabo ta Ibadan, kusan duk zafin cikin da ya daɗe ana kiransa olsa, kuma yunwa da barkono ake ɗora wa laifi. Waɗannan kan tsananta zafin, amma likitoci sun tabbatar da cewa abubuwa biyu ne kan gaba wajen haifar da gyambon ciki: wata ƙwayar bakteriya mai suna Helicobacter pylori, da kuma yawan shan maganin ciwon jiki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kaso mai girma na ɓarnar da ke faruwa a tumbi, garkuwar jikin mutum ce ke yin ta yayin da take ƙoƙarin korar ƙwayar.

Yadda aka gano ta

Shekaru da dama likitoci na ganin babu ƙwayar da za ta iya rayuwa cikin asid ɗin tumbi. A 1982 wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostiraliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka raini ƙwayar daga tumbin marasa lafiya. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya sha ruwa mai ɗauke da ita a 1984, cikin kwanaki kaɗan tumbinsa ya kumbura. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel. Yau an kiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya na ɗauke da ita. Galibi tun ana yara ake kamuwa a cikin gida, ta yawu, amai, ko ruwa da abincin da bayan gida ya gurɓata. Cunkoso a ɗaki ɗaya da rashin tsaftataccen ruwa na ƙara yaɗa ta.

Yadda take rayuwa cikin asid

Bangon tumbi yana da wani yauƙi mai kauri da ke kare shi daga asid. Ƙwayar murɗaɗɗiya ce, tana da 'yan wutsiyoyi da take iyo da su har ta kutsa cikin yauƙin. Tana kuma fitar da wani sinadari mai suna yuriyes, wanda ke samar da amoniya, amoniyar ta rage kaifin asid ɗin da ke kewaye da ita. Daga nan sai ta manne a bangon tumbin. In ba a yi magani ba, tana iya zama har ƙarshen rayuwar mutum.

Me garkuwar jiki ke yi?

Jiki yana gane baƙuwar. Ƙwayoyin bangon tumbi na aika saƙon neman agaji, fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi a wurin. Wasu na haɗiye ƙwayoyin cuta, wasu na fesa sinadarai masu ƙuna. Bayansu ƙwayoyin T ke zuwa su shirya yaƙin, jiki kuma ya ƙera antibodi, wato makaman da aka yi musamman domin wannan ƙwaya.

To duk da haka ba a cin nasara, saboda dalilai uku. Na farko, ƙwayar na zaune ne cikin yauƙi a saman bango, inda dakarun jiki ba sa kaiwa da sauƙi. Na biyu, tana ɓad da kama: rigarta da wutsiyarta ba sa tayar da ƙararrawar jiki kamar na sauran bakteriya, har wani ɓangare na rigar na kama da abin da ke jikin ƙwayoyin ɗan Adam. Na uku, tana fitar da guba mai suna VacA da ke raunana ƙwayoyin T, tana kuma ƙarfafa wani rukuni nasu masu aikin raba faɗa, sai yaƙin ya yi sanyi ba tare da ya ƙare ba.

Sinadaran da dakarun ke fesawa kuwa, bangon tumbin suke ƙonawa. Haka kumburin zai ci gaba shekara da shekaru. Wasu nau'o'in ƙwayar ma suna da wani abu kamar allura da suke cusa furotin mai suna CagA cikin ƙwayoyin bangon, kuma masu ɗauke da irin wannan nau'i sun fi fuskantar kumburi mai tsanani.

Me ya sa wani ke ciwo wani ba ya yi?

Kusan duk mai ɗauke da ita yana da kumburi a tumbi, amma mafi yawa ba sa jin komai. Kimanin kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ne ke samun gyambo, kashi 1 zuwa 3 kuma kansar tumbi. Inda kumburin ya fi ƙarfi yana da tasiri. Idan a ƙasan tumbi ne, asid na ƙaruwa, ya gangara ya ci farkon ƙaramin hanji. Idan kuma ya mamaye jikin tumbin, ƙwayoyin da ke samar da asid na lalacewa a hankali, bango ya yi siriri, kuma wannan hanya ce ke iya kaiwa ga kansa. Shi ya sa a 1994 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙwayar cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa.

A 1992 wani likita, Holcombe, wanda ya yi bincike a Maiduguri, ya ja hankali kan cewa ƙwayar ta yi yawa a Afirka amma kansar tumbi ba ta kai yadda ake zato ba. Wasu masana na ganin tsutsar ciki na karkatar da garkuwar jiki zuwa salon faɗa mai sauƙin ɓarna. Wasu kuma na ganin ƙarancin na'urar leƙa ciki da rashin rajistar masu kansa ne ke ɓoye adadin.

Gwaji da magani

Gwajin jini antibodi yake nema, su kuwa sukan daɗe a jini ko bayan ƙwayar ta mutu. Don haka ba ya nuna ko mutum ya warke. Gwajin bayan gida da na numfashi su ne ke nuna ko tana nan yanzu. Ana so a dakatar da irin su omeprazole mako 2 kafin gwajin, maganin kashe bakteriya kuma mako 4, bisa shawarar likita.

Tunda garkuwar jiki ba ta iya korar ta ita kaɗai, kuma har yanzu babu allurar rigakafinta, jiƙo ko maganin "ƙara garkuwa" ba zai raba ka da ita ba. Farin maganin ruwa na kemis zafi kawai yake kwantarwa. Maganin gaske haɗi ne na mai rage asid da aƙalla magunguna biyu masu kashe bakteriya, yawanci na kwana 14, sai a sake gwaji bayan mako 4 da gamawa. A shanye shi duka ko an ji sauƙi, domin yankewa a tsakiya da shan Flagyl barkatai ne ke sa ƙwayar ta daina jin magani.

'Yan dako, masu acaba da masu tura baro su kula sosai: ibuprofen, diclofenac da asfirin na rage kariyar bangon tumbi. Idan suka haɗu da tumbin da ya riga ya kumbura, haɗarin gyambo da zubar jini na ƙaruwa.

Wanda ya ga baƙin bayan gida kamar kwalta, ko aman jini, ko rama ba dalili, ko abinci na maƙale masa, ko ciwon ciki mai tsanani farat ɗaya, ya nufi asibiti a ranar, kada ya tsaya a kemis.