Daga Zauren Alƙali Zuwa Babbar Kotu: Waiwaye Kan Shari'ar Laifuffuka a Arewa

Idan muka waiwayi tarihin kotunan laifuffuka a Arewacin Nijeriya, za mu tarar tambaya guda ce ke ta dawowa: wa ke da ikon ɗaure mutum ko yanke masa hukuncin kisa, kuma da wace doka?

A zamanin Daular Usmaniyya amsar a fili take. Alƙali na zaune a zaurensa yana hukunci bisa mazhabar Malikiyya, dogarai su kamo, Yari ya tsare. Manyan shari'u kuwa, musamman na jini, majalisar Sarki ake kai su. Da Turawa suka ci ƙasar a 1903 ba su rushe wannan tsari ba, sai dai suka ɗaura masa linzami. Aka hana yanke hannu da makamantansa, aka ba Razdan da Di'o ikon duba hukuncin alƙalai, aka kuma raba kotunan gida huɗu. Masu daraja ta ɗaya, wato akasari kotunan manyan sarakuna, su kaɗai ke yanke hukuncin kisa, shi ma ba a zartarwa sai Gwamna ya amince. A gefe guda kuma ga kotunan Turawa da nasu kundin laifuffuka, wanda Lugga ya shigo da shi Arewa a 1904. Doka biyu ke nan a ƙasa ɗaya.

Inda gizo ya yi saƙa shi ne shari'ar Tsofo Gubba ta 1947. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa hukuncin kisa saboda ya yi kisan kai, alhali a kundin Turawa wanda aka tunzura ya yi kisa ɗauri ne hukuncinsa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta ƙi amincewa da hukuncin kisan, abin da ya ɓata wa sarakuna da alƙalai rai ƙwarai. A ganinmu ba Tsofo Gubba kaɗai aka yi wa shari'a ba, har da ikon fada kanta.

Siyasa ta daɗa rura wutar. 'Yan NEPU na kukan ana amfani da kotunan alƙalai ana ɗaure su, waɗanda ba Musulmi ba kuma na fargabar makomarsu bayan mulkin kai. Saboda haka a 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Daga shawararsu aka samu Final Kod, wanda aka gina a kan kundin Sudan, shi kuma tushensa kundin Indiya na 1860. Ya fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960, jajibirin samun 'yanci. Daga ranar, alƙali ba ya hukunta laifi sai da abin da ke rubuce a wannan kundi, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci kuwa aka taƙaita ta ga aure, gado, wasiyya da wakafi. Akasarin jihohin Kudu dai na nan kan tsohon kundin Turawa har yau.

Mulkin soja ne ya ƙarasa aikin. A 1967 aka soke kotunan sarakuna, a 1968 kuma kotunan yanki suka maye gurbin na En'e, suka koma ƙarƙashin Babban Joji. Shari'ar da hukuncinta kisa ne ta zama ta Babbar Kotu, ƙananan laifuffuka na majistare da alƙali, wanda bai gamsu ba ya hau matakala har Kotun Ƙoli.

Sai a 2000 Zamfara ta mayar wa kotunan Shari'a ikon haddi da ƙisasi, jihohi 11 suka bi sahu. A nan muka ga amfanin matakalar nan: kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'ar ne da kansu suka wanke Safiya Husaini a Sakkwato a 2002, da Amina Lawal a Katsina a 2003. Hukuncin kisa kuwa, ko daga wace kotu ya fito, har gobe sai Gwamna ya sa hannu, kamar dai a zamanin Lugga.