Daga Layi Zuwa Dawa: Tarihin ’Yan Bakan da Suka Gaji da Sanin Nisa

A shekarar 1541, zamanin Sarki Henry na Takwas, majalisar dokokin Ingila ta zartar da doka kan harbin baka mai ɗauke da wani sharaɗi na ban mamaki. Ta hana duk saurayin da bai kai shekara 24 ba tsayawa wuri guda yana maimaita harbi a kan abin hari ɗaya, sai dai ya riƙa sauya abin harinsa bayan kowace kibiya. Masu dokar sun san cewa abokin gaba ba ya tsayawa a tazarar da aka auna da igiya. Ɗan bakan da ya saba da nisa guda hannunsa ne kawai ya koya, idonsa bai koyi komai ba.

Wannan damuwa ta masu mulkin Ingila ita ce har yau ke raba wasan baka gida biyu. Akwai harbin layi, wanda ake gani a gasar Olamfik: fili shimfiɗaɗɗe, maharba a jere, allo mai faɗin santimita 122 a tazarar mita 70. Akwai kuma harbin dawa, inda maharba ke zagaya kurmi da tuddai ƙungiya-ƙungiya, suna harbin alluna da aka kafa a gangare, a kan tudu, ko cikin inuwar itatuwa, wani lokaci ba tare da an faɗa musu nisan ba. Ba dabba ake harbi ba, takarda ce. Mutane da yawa na ɗaukar harbin dawa a matsayin sabon abu da ɗan layi ke ɗanɗanawa in ya gaji da fili. Tarihi kuwa ya nuna cewa salon yawo daɗaɗɗe ne, kuma layin da aka sani a yau bai kai shi shekaru ba.

Zamanin da baka ke makami

Dogon bakan Ingila ya yi suna a yaƙin Crécy a 1346 da na Agincourt a 1415, inda ruwan kibau ya karya mahayan Faransa. Irin wannan runduna ba ta samuwa dare ɗaya, domin jan baka mai ƙarfi sai wanda ya taso da shi. Shi ya sa a 1363 Sarki Edward na Uku ya umarci maza masu lafiya su riƙa atisayen baka a ranakun hutu, ya kuma hana su ɓata lokaci a wasanni irin su ƙwallon ƙafa.

Atisayen iri-iri ne. Akwai harbi a kan tsibin ƙasa da ake tarawa a gefen gari, akwai kuma harbin yawo. A filayen Finsbury da ke arewacin Landan an kafa alamu na itace da na dutse fiye da ɗari, kowace da sunanta. Maharba kan tashi daga wata alama su nufi wata, wanda kibiyarsa ta fi kusa shi ke zaɓen ta gaba. A ƙarshen ƙarni na 16 har ɗan littafi aka buga mai jera tazarar da ke tsakanin alamun. Ke nan tun a wancan lokaci masu son a auna musu nisa sun fara kutsawa cikin wasan ƙiyasi.

Bindiga ce ta kawo ƙarshen wannan zamani. A 1595 majalisar Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta ba da umarni a daina ƙirga baka cikin makaman dakarun ƙasa. Daga nan filayen Finsbury suka riƙa shigewa cikin gonaki da gine-gine, alamun suka ɓace ɗaya bayan ɗaya.

Yadda aka ja layi

Da baka ya dawo a ƙarshen ƙarni na 18, cikin lambunan attajirai ya dawo. A 1781 Sir Ashton Lever ya kafa ƙungiyar Toxophilite a Landan, kuma a 1787 Yariman Wales, wanda daga baya ya zama Sarki George na Huɗu, ya zama uban ƙungiyar. Da sunansa ake danganta tsarin allo mai zobba biyar da tazarar yadi 100 da 80 da 60. A 1844 aka yi babban taron maharba na ƙasa na farko a birnin York, inda aka samo zagayen da ke ɗauke da sunan garin: kibiya 72 a yadi 100, 48 a yadi 80, 24 a yadi 60.

Abin da wannan tsari ya haifar ba ƙarami ba ne. Tunda nisa ɗaya ne, allo ɗaya ne, adadin kibau ɗaya ne, ana iya kwatanta makin mutumin York da na mutumin Landan, a kuma kwatanta na bana da na shekara goma baya. Horace Ford, wanda ya riƙe kambun Ingila shekara goma sha ɗaya a jere daga 1849 zuwa 1859, ya samu maki 1,251 a zagayen York biyu a 1857, kuma an shafe gomman shekaru ba a kamo shi ba. Ya kai ga haka ne domin nisa tsayayye ya ba shi damar nazarin tsayuwa da ja da saki ɗaya bayan ɗaya, har ya sauko da hannun ja zuwa ƙarƙashin ido maimakon kunne. Mata ma sun shigo wasan da yawa a wannan zamani, lokacin da wasanni kaɗan ne ke buɗe gare su.

A kan wannan turba aka kafa hukumar baka ta duniya, FITA, a birnin Lwów na Poland a 1931. Baka ya fita daga Olamfik bayan 1920, wani ɓangare saboda rashin dokoki na bai ɗaya, bai kuma dawo ba sai a Munich a 1972. Faɗin allon Olamfik na santimita 122 shi ne ƙafa huɗun nan na lambunan Ingila, an mayar da shi ma’aunin mita.

Sai dai awon ya zo da farashinsa. An cire tudu, an cire gangare, an cire ƙiyasin nisa, aka bar wa maharbi iska da zuciyarsa kawai su zama abokan karawa.

Ishi da komawa daji

Tawayen daga Amurka ya taso. A watan Agustan 1911 wani mutum ya fito daga tsaunuka kusa da garin Oroville na jihar Kalifoniya, a galabaice da yunwa. Shi ne na ƙarshe da ya rage cikin al’ummar Yahi, ’yan asalin ƙasar da baƙi masu neman zinariya da makiyaya suka kusan ƙarar. Aka sa masa suna Ishi, wato mutum a harshensu, aka zaunar da shi a gidan tarihin Jami’ar Kalifoniya a San Francisco. Likitan da ke duba shi, Saxton Pope, ya koyi sassaƙa baka da farauta a hannunsa.

Pope ya lura da wani abu. A kan allo mai zobba makin Ishi bai taka kara ya karya ba, ’yan layi na gari sun fi shi nesa. Amma a kan tsuntsu ko zomo daga kusa, a tsugune ko a durƙushe, gwani ne. Shi kansa ya ɗora laifin a kan girman allon da launukansa masu raba hankali. Ishi ya rasu da tarin fuka a 1916, amma littafin farauta da baka da Pope ya wallafa a 1923, tare da tafiye-tafiyensa da abokinsa Art Young, ya cusa wa Amurkawa da yawa sha’awar ɗaukar baka su shiga daji. A 1934 jihar Wisconsin ta buɗe lokacin farauta na musamman domin masu baka.

Waɗannan sababbin maharba ba su ga amfanin tsayuwa a kan ciyawa mai laushi a yadi 60 ba. Suna son atisaye mai kama da farauta. A 1934 wata ƙungiya a garin Redlands na Kalifoniya ta shimfiɗa zagaye na dindindin a kan tuddai, kuma a 1939 aka kafa ƙungiyar harbin dawa ta ƙasa, NFAA, wadda John Yount na Redlands ya daɗe yana riƙe da sakatariyarta. Gasarta ta ƙasa ta farko an yi ta a Allegan ta jihar Michigan a 1946. Zagayen da ya kafu shi ne alluna 28, kibiya huɗu a kowanne, daga ƙafa 20 har yadi 80. Akwai kuma zagayen hotunan dabbobi, inda maharbi ke da kibiya uku, ya tsaya da zarar ɗaya ta samu, makinsa na raguwa gwargwadon yawan kiban da ya kashe.

Ma’auni ya bi su har dawa

A farko alfaharin ’yan dawa shi ne harbi da ido tsirara, babu na’urar saiti, babu lambar nisa. Amma da zarar an sa kofi a gaba, sai gardama ta tashi. Masu saiti suka shigo suna cin maki, masu ido tsirara suka ce an ɓata wasan, har aka raba su aji-aji. Ɓoye nisa ma ya zama matsala, domin ɗan gida da ya zagaya kurmin sau ɗari ya riga ya haddace kowace tazara, baƙo ne kaɗai ke ƙiyasi. Daga ƙarshe NFAA ta koma rubuta nisa a jikin turaku. Sannan a 1969 aka ba Holless Wilbur Allen na jihar Missouri haƙƙin mallakar baka mai ƙafafun juyi, wanda ke rage nauyin riƙo ya kuma ƙara wa kibiya gudu. Kibiya mai gudu ba ta lanƙwasa sosai, don haka kuskuren ƙiyasi ba ya cin mai ita kamar da.

A wannan shekarar ta 1969 FITA ta shirya gasar harbin dawa ta duniya ta farko a Valley Forge ta jihar Pennsylvania. A 1970 aka kafa IFAA a kan tsarin Amurkawa, kuma tun 1985 harbin dawa na cikin gasar World Games, ko da yake bai taɓa shiga Olamfik ba. Waɗanda ba su gamsu ba suka sake ballewa: a Birtaniya an kafa NFAS a 1973, wadda ba ta rubuta nisa ko kaɗan, a ƙasar da ta taɓa yin dokar sauya abin hari. Daga baya aka ƙirƙiro harbin gumakan dabbobi na soso, shi ma domin a dawo da ɗanɗanon farauta.

Abin da ɗan layi ke tararwa

Hukumar duniya, wadda ta koma World Archery a 2011, ta tsaya tsakiya. Zagayenta alluna 24 ne, kibiya uku a kowanne, yini guda nisa a ɓoye, yini guda a rubuce. Allon baƙi ne mai rawaya a tsakiya, maki daga 6 zuwa 1, girmansa kuma huɗu: santimita 20, 40, 60 da 80. An haramta na’urar auna nisa a zagayen ɓoye.

Lissafi mai sauƙi na nuna nauyin ƙiyasi. Kibiyar baka irin na Olamfik na tafiya kimanin mita 60 a daƙiƙa. Idan allo na mita 50 maharbi ya yi saitin 45, kibiyar za ta sauka ƙasa da inda ya auna da fiye da santimita 30, wato dab da bakin allon santimita 80. Gangare na da nasa hukuncin: nauyi na jan kibiya gwargwadon nisan kwance, saboda haka allon da ke mita 50 a kan gangare mai digiri 30 ana yi masa saitin kimanin mita 43, ko sama yake ko ƙasa. Wanda bai rage ba kibiyarsa ta wuce ta sama. Ga rami tsakanin turke da allo mai ruɗin ido, ga haske da inuwa masu sauya girman abu, ga ƙafa ɗaya a kan saiwa ɗaya a cikin laka. Tsayuwar da aka yi shekaru ana gogewa a fili sai ta koma lanƙwasa daga ƙugu.

Ƙwararru ba su dogara da ido kaɗai ba. Suna gane girman allon, su gwada shi da zoben saitinsu ko wani sashe na bakan, su fitar da nisan da lissafi. Masu baka marar saiti kuma kan sauko da yatsunsu a kan tsarkiya gwargwadon tazara, suna ƙirga ɗinkin fatar yatsa. Dokar ta hana na’ura, amma ba ta iya hana kai aiki ba.

Bambanci mafi girma yana wajen kuskure. A layi, kibiyar da ta kauce darasi ce ga wadda ke biye, domin kibiya 72 ne a nisa guda. A dawa kibiya uku ne, daga nan a ciro su a wuce, kuma allon gaba bai san abin da aka koya a na baya ba. Harbi a wutsiya ya fi kuskure, in ji Bahaushe, kuma ɗan dawa kan karɓi maki 2 ya yi gaba ba tare da ya tsaya jimami ba. Wannan ne ya sa wasu masu horarwa ke tura ɗaliban da suka fara ɗari-ɗari da tsakiyar allo su je su yi yawo a kurmi. Ɗan layi kan shiga dawa da hannu mai kyau da ido marar horo, ɗan dawa kuma in ya zo layi yakan tarar cewa kibiya ta sittin na neman natsuwar da uku ba su taɓa nema ba. Ƙungiyoyin dawa kan haɗa baƙo da tsofaffin hannu a zagayensa na farko, su fara da shi daga turken da ya fi kusa, su kuma shawarce shi ya zo da takalmi mai riƙe ƙasa da kibau na ƙari, domin wasu a cikin ciyawa za su kwana.