TARIHIN TSADAR INSHORAR LAFIYAR TSOFAFFI A AMURKA

Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tarihin shirin Medicare, wato inshorar lafiyar da gwamnatin Amurka ta kafa domin tsofaffi da naƙasassu, ya isa shaida a kan wannan magana.

Tun a 1945 Shugaba Truman ya nemi a yi wa kowa inshorar lafiya, amma ƙungiyar likitocin ƙasar ta yi tsayin daka, ta ce gurguzu ake so a shigo da shi. Sai a ran 30 ga Yuli, 1965, Shugaba Johnson ya sa hannu a kan dokar da ta shafi 'yan shekara 65 zuwa sama, waɗanda kusan rabinsu ba su da inshorar asibiti a lokacin. Shirin ya fara aiki a 1966 da mutum wajen miliyan 19. Kuɗin kwanciya asibiti daga harajin albashin ma'aikata yake fitowa, na ganin likita kuwa tsoho kan biya dala 3 a wata, gwamnati ta cika sauran.

To, a nan gizo ke saƙa. Domin a lallashi likitoci da asibitoci su karɓi shirin, sai aka yarda a biya asibiti abin da ya kashe, likita kuma a biya shi gwargwadon abin da ya saba karɓa. Wato dai an ba kura ajiyar nama: mai sayarwa shi ke yanka farashi. A 1972 Shugaba Nixon ya shigar da naƙasassu da masu ciwon ƙoda mai tsanani, abin da ya ceci rayuka da dama, amma nauyi ya ƙaru. Kuɗin da bai kai dala biliyan 8 ba a 1970 ya tasam ma biliyan 37 a 1980.

Daga nan aka shiga gyara. A 1983 aka yanke wa kowace irin cuta farashinta, asibiti ya kashe da yawa ko kaɗan, abin da zai samu ke nan. A 1992 aka yi wa likitoci nasu ma'auni. Amma da aka ƙara kuɗin magunguna a dokar 2003, sai aka hana gwamnati yin ciniki da kamfanonin magani, ba a sassauta ba sai a 2022.

A 2023 shirin ya ci fiye da dala tiriliyan 1, a 2025 kuwa dala 3 ɗin nan ta zama 185 a wata. Gaskiya ne tsofaffi sun ƙaru, kayan asibiti sun yi tsada, darajar dala kuma ta ragu. Duk da haka, linzamin da aka saki a 1965 shi aka yi shekaru ana fama a kamo, kuma ma'aikaci da tsoho su suka biya kuɗin wannan sakaci.