Sun Marlin a Tsakiyar Teku: Wasan Masu Hali da Ya Shafi Tukunyar Talaka

'Yan uwa mazauna Legas da Fatakwal, yau zan yi bayani kan wani irin su da ake yi can cikin teku, ba don ci ko sayarwa ba, sai don gasa da nishaɗi.

Kifaye biyu ake nema: marlin da ɗan uwansa da Turawa ke kira sailfish. Dukansu suna da dogon baki mai tsini kamar mashi, ga gudu na ban mamaki. Shi sailfish ana gane shi da faffaɗan fiffiken da ke bayansa. Marlin kuwa ƙato ne na gaske. Ƙungiyar IGFA, mai ajiye tarihin wannan wasa tun 1939, ta rubuta wanda aka kama a Peru a 1953 mai nauyin kilo 707, da wani a Brazil a 1992 mai kilo 636. Ka ga ko giwan ruwan Argungu yaro ne a gabansu.

Yadda ake yi shi ne, jirgi mai inji zai nausa inda ruwa ke da zurfi, yana tafe a hankali yana jan fatsa da kifin roba ko ɗanyen kifi a jikin ƙugiya. Da ya haɗiya, sai mai su ya zauna a kujera ta musamman, a ɗaure shi, a shiga ja-in-ja. Wani lokaci a kwashe awanni, kifin na tsalle sama yana neman kuɓuta. A gaɓar Afirka ta Yamma, Kef Bad da Dakar da Ada ta Gana sun yi suna a wannan harka.

To ina ruwanmu? A ganina da ruwanmu. Kifin da attajiri ke bi don wasa, shi ne ƙananan masunta a Gana da Kodebuwa ke kamawa da raga su kai kasuwa, manyan jiragen kamun tuna kuma suna kwasarsa a ƙugiyoyinsu. Shuɗin marlin ya ragu har ya shiga jerin halittun da ake fargabar ƙarewarsu. Shi ya sa a yawancin gasa yanzu ake amfani da ƙugiya mai lanƙwasa da ke kama gefen baki, a liƙa wa kifin alama, a sake shi da rai.

In teku ta yi fayau, mai jirgi zai canja wasa. Masunci da mai sayar da kifi fa?