Yadin Wuta da Yadin Wanki: Yadda Sana'armu Ta Rabu Gida Biyu

Mu masu kwangilar ɗinkin kayan aiki, manyan abokan cinikinmu biyu ne, masana'antu da asibitoci. A idon wanda bai san sana'ar ba duk yunifom ne, a auna mutum, a yanka, a ɗinka. Amma tun daga zare buƙatarsu ta sha bamban. Rigar mai walda ko ma'aikacin matatar mai ana sayen ta ne saboda ranar da ba a fatan zuwanta, ranar da wuta za ta tashi. Rigar ma'aikaciyar jinya kuwa kullum cikin jarrabawa take: jini, magani, ruwan zafi, bilic, guga, gobe ma a sake. An daɗe kafin a gane wannan bambanci, kuma sai da aka yi asarar rayuka.

Lokacin da na shiga koyon ɗinki a Kakuri cikin shekarun 1980, masaƙun Kaduna suna aiki dare da rana. Kaduna Textiles, wadda gwamnatin Jihar Arewa ta kafa da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila, David Whitehead and Sons, ta fara saƙa tun 1957, wasu suka biyo bayanta. Audugar Funtuwa da Gusau da Zariya ce ke shiga injin ta fito akoko da alawayyo. Manyanmu da auduga suka saba, don haka abin da suke dubawa nauyin yadi ne da irin saƙarsa. Kaki mai kauri, mai saƙa a karkace, na makanikai ne da leburorin reluwe. Farin yadi mai laushi na nas-nas ne, a sa masa bula da sitati a goge har ya tsaya. Maigidana yakan murza yadi tsakanin yatsu, ya ɗaga shi ga rana ya ga yawan hasken da ke ratsawa, shi ke nan ya yanke hukunci.

A ƙasashen da masana'antu suka fara bunƙasa ma, ƙarko aka fara nema wa rigar ma'aikaci. Shi ya sa a 1873 Levi Strauss da tela Jacob Davis suka yi rajistar dabarar buga ƙusar tagulla a bakin aljihun wando a Amurka, don kada ya yage a hannun masu aikin ƙarfi. Sai dai auduga, komai kaurinta, tana cin wuta. Tun 1821 masanin Faransa Gay-Lussac ya nuna cewa jiƙa yadi da wasu gishirai yana rage kamawar wuta, amma da an wanke sai maganin ya bi ruwa. Sai a shekarun 1950 kamfanin Albright and Wilson na Ingila ya fito da Proban, inda ake ɗaure sinadarin cikin zaren audugar ta yadda wanki ba ya fitar da shi. A 1967 kamfanin DuPont ya kawo Nomex kasuwa, zaren da shi kansa ba ya narkewa, ba ya kuma ci gaba da ci da zarar an janye harshen wuta. Bayan gobarar dandalin haƙar mai na Piper Alpha a tekun Birtaniya a 1988, inda mutum 167 suka rasu, kamfanonin mai suka ƙara tsananta ƙa'idojin kariya, har da abin da ma'aikaci zai sa a jikinsa.

Tarihin asibiti wata hanya ya bi. Har tsakiyar ƙarni na 19 likitan tiyata a Turai da tsohuwar kwat yake aiki, jinin jiya ya bushe a kanta. Likita Joseph Lister ya bayyana hanyarsa ta kashe ƙwayoyin cuta a 1867, sannan a shekarun 1880 Gustav Neuber na birnin Kiel a Jamus ya sa masu tiyata su riƙa sa riguna da huluna da aka tsarkake. Auduga ta samu karɓuwa saboda tana jure tururin tukunyar tsarkake kaya mai zafin digiri 121. An fara da fari don datti ya fito fili, daga baya aka koma kore da shuɗi saboda farin yana kashe ido ƙarƙashin fitilar tiyata. A 1952 wani likita a Amurka, William Beck, ya nuna cewa da zarar rigar auduga ta jiƙe, ƙwayoyin cuta ratsa ta suke yi. Daga nan kayan asibiti suka kasu biyu: rigar tiyata wadda dole ta tare ruwa da jini, da kuma kayan yau da kullum waɗanda babban sharaɗinsu jure wanki. A asibitocin Ingila ƙa'idar ita ce digiri 65 na minti 10, ko digiri 71 na minti 3.

Abin da ya dagula lissafi shi ne foliyesta. Masana biyu, Whinfield da Dickson, suka ƙirƙiro shi a Ingila a 1941, ya shigo kasuwanninmu da sunaye irin su Terylene da Tetoron. Gaurayen kashi 65 foliyesta da kashi 35 auduga alheri ne ga asibiti: ba ya motsewa, yana bushewa da wuri, launinsa na daɗewa, guga kaɗan ya ishe shi. Amma a gaban wuta masifa ne. Foliyesta yana narkewa a wajen digiri 250, ya manne wa fata yana ci gaba da ƙuna, sai likita ya ɓamɓare shi tare da naman. Yana kuma tara lantarkin gogayya, wanda ƙyastu ɗaya daga gare shi ya isa ya tayar da gobara inda tururin fetur ko gas yake.

Wata rana jami'in saye na wani kamfani ya zo shagonmu da bandir guda na shuɗin yadi. Yana so a ɗinka wa ma'aikatan ƙaramin asibitinsu da masu waldarsu duka daga ciki, don launi ya zama ɗaya kuma kuɗi su ragu. Maigida bai yi musu ba. Ya zare zare daga bakin bandirin, ya ƙyasta ashana. Zaren ya nannaɗe, ya yi baƙin hayaƙi mai warin roba, ya ɗiga a kan teburin yanka, ya daskare ya zama ƙwallo mai tauri. Ya ɗauko ƙyallen auduga zalla ya ƙona, ya yi warin takarda, tokar ta murmushe a yatsa. Sannan ya ce, "Alhaji, na asibitin zan ɗinka maka yau. Na masu walda kuwa, ko nawa za ka biya, ba da hannuna ba." Mutumin ya ce, "Malam, ai duk yadi ne." Maigida ya tura masa ƙwallon nan ya ce ya matsa da farce ya ji.

Bayan Kaduna Textiles ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ma ta tsaya a 2007, sai muka koma dogaro da abin da ake shigowa da shi. Kantin Kwari ta cika da yadi mai kyan gani, amma sau da yawa abin da aka buga a bakin bandir ba shi ne a ciki ba. A da idan yadi ya ba da matsala akwai masaƙar da za ka je ka tuhuma. Yanzu daga dillali sai dillali. Kwangila kuma ta koma ta wanda ya fi rage farashi, aka manta cewa araha ba ta ado.

Ko an samu yadin kirki, da sauran aiki. Obarol ɗin mai walda dole a ɗinka shi da zaren da ba ya narkewa, in ba haka ba ɗinkin ne zai fara buɗewa. Aljihu sai da marufi, ƙafar wando ba a naɗe ta, domin nan tartsatsi ke maƙalewa. Rigar asibiti kuwa ana rage mata lungu da maɓallai inda datti ke ɓuya, hannunta gajere don wankin hannu ya kai gwiwar hannu. A nan Arewa akwai hijabin ma'aikatan jinya, wanda ya kamata ya zama gajere, marar nauyi, kuma ya jure zafin wanki daidai da rigar. Wankin ma kansa ya raba su. Bilic da asibiti ba ya iya rabuwa da shi, shi ne ke lalata sinadarin Proban, riga ta fito fes amma kariyarta ta tafi. Maiƙon da aka bari ya taru a jikin obarol kuwa zai ci wuta ko da yadin ba ya ci.

Akwai kuma zafin ƙasarmu, wanda masu rubuta ƙa'ida a Turai ba su fama da shi. A watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, ka ba ma'aikaci yadi mai nauyin giram 350 a kowace murabba'in mita, kafin azahar ya tuɓe saman ya ɗaure a ƙugu. Lokacin Ebola a 2014 masu jinya a Afirka ta Yamma da ƙyar suke iya awa guda cikin rigar da ba ta shan iska. Don haka zaɓen nauyi wajibi ne: na asibiti yawanci tsakanin giram 150 da 200, na masana'anta gwargwadon hatsarin da ke wurin, ba fiye ba.

Roƙona ga masu ba da kwangila shi ne su rubuta hatsarin aikin kafin su rubuta launi. In walda ce su nemi shaidar ISO 11611, in zafi da harshen wuta ne ISO 11612, in rigar tiyata ce EN 13795, kuma a gwada samfuri kafin a biya. Matasan teloli su koyi tambayar inda mai rigar zai tsaya da yadda za a wanke ta, su kuma iya cewa a'a. Masu maganar farfaɗo da masaƙun Kaduna da Kano su tuna cewa asibitoci da masana'antunmu kasuwa ce da ba ta yankewa, kuma auduga mai maganin wuta abu ne da za mu iya yi da audugarmu.