Tarihin Awon Ƙarafa a Ƙasar Noman Karkarar Kano

Awon ƙarafa shi ne gano yawan tutiya, tagulla, dalma da danginsu a cikin ƙasa ko dutse. Ba su da yawa, shi ya sa ake lissafa su da miligiram a kowane kilo.

A Minjibir, Gezawa da Ungogo gona ba ta hutawa. Taki ne ke riƙe da ita, na dabbobi da na sharar birni da ake kaiwa a mangalar jaki, kamar yadda mai bincike Michael Mortimore ya bayyana a shekarun 1960. Tashar binciken noma ta Samaru, wadda aka kafa a 1922 ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta fi damuwa a farko da abin da gyaɗa da auduga ke nema a ƙasa.

Aikin awon ƙarafa ya sauƙaƙa bayan 1955, lokacin da Alan Walsh na Ostareliya ya fito da dabarar awo da haske. Akan shanya ƙasar a inuwa, a daka, a tankaɗe da rariyar milimita 2, a dafa ta da asid. Sai na'ura ta fesa ruwan cikin harshen wuta, a haska fitila ta cikinsa. Kowane ƙarfe da kalar hasken da yake shanyewa, kuma gwargwadon yawansa gwargwadon shanyewar. A 1978 masu bincike Lindsay da Norvell suka kawo hanyar auna abin da saiwa ke iya zuƙa kaɗai, wanda shi ne ya shafi manomi.

Daga baya tambayar ta koma kan abin da ya shigo gona. Dagwalon masana'antun Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, ya gangara dam ɗin Wasai a Minjibir, masu lambu kuwa da shi suke ban ruwan latas da alayyafo. Masu bincike daga jami'o'in Kano da Zariya sun sami kuromiyam, dalma da kadmiyam a ƙasar lambunan. Sharar birni ma yanzu har da mataccen batir. Abin takaici, da wuya sakamakon ya isa kunnen mai lambun.

Tun 2004 cibiyar makamashi ta Zariya ke auna ƙasa da dutse da tukunyar nukiliyarta. A 2010, da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara, an shiga gidaje da na'urar hannu mai ba da sakamako nan take a tsakar gida.